Shen da Kuron Cikin Fansar Yaya

Na daɗe ina gyaran moto, wato babur, a bakin tashar Madarumfa, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke kallon hanyar da ta gangara tabki. Rabin aikin da ke zo mani na shen ne, wato sarƙar da ke ja da tayar baya, da faifan ƙarfe biyu masu haƙora da take hawa: ƙaramin na gaba muna ce mashi pinyon, babban na baya kuma kuron. A ƙasarmu su ne farkon mutuwa a jikin moto. Inda gudro, wato kwalta, ta ƙare rairayi ke farawa, mutum ya zuba wa shen baƙin mai don ta yi laushi, rairayi ya manne a man, shi ke nan ta koma dutsen niƙa tana cin haƙoran kuron har su kwanta su yi tsini kamar ƙaya. Masu kabu-kabu da masu kai kifi Maradi ba sa canza su sai dole. Su ce in cire gaɓa ɗaya, su ce in juya kuron ta ɗaya fuskar, su ƙara wata guda a haka. Ina faɗa masu gaskiya cewa sabuwar shen a kan tsohon kuron ba ta daɗewa, ukun nan tare ake canza su, amma abin da suka ce shi nake yi.

Yayana bai taɓa hawa moto da kansa ba. Manomi ne a ƙauyenmu, gaba da Gabi, kusa da iyaka. Da mahaifinmu ya rasu ina ƙarami shi ya riƙe gida, shi ya kai ni lakwal, da na kasa karatu kuma shi ya kawo ni gari ya haɗa ni da wanda ya koya mani gyara. Amalanken jaki gare shi, yana cewa shi ba ya hawa abin da ba ya jin magana. In ya zo kasuwa yakan zauna a bencin rumfata ya yi ta kallon hannuna, bai gane komai ba, amma in wani ya yaba aikin sai ya gyara zama kamar shi aka yaba.

An ɗauke shi da damina, lokacin maimai, da hantsi. Matarsa na kan hanyar kai mashi fura ta hango moto uku sun fito daga gonar sun nufi kudu. Ta ce ta gane shi da hularsa ta kaba, yana zaune tsakanin mutum biyu. Da ta isa gonar ta tarar da hauyarsa kafe a kunya da takalminsa ƙafa ɗaya. Wani maƙwabci ya kira ni a salula. Ina tsugune na kwance tayar wani, na miƙe na bar masa motonsa a kwance, ban ko wanke hannu ba na kama hanyar ƙauye.

A lokacin ba mu ne na farko ba. 'Yan bindiga sun sha ɗaukar mutane a garuruwan bakin iyaka, kowa ya san yadda abin ke tafiya: a jira waya. Muka jira kwana huɗu. Inna, mahaifiyarmu, ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin Yaya ta ƙi tashi. Matarsa tana ta hidimar masu zuwa jaje, tana dafa abin da ba ta ci. Ni kuma ina hawa wani tudu a bayan gari inda waya ke kamawa, in zauna tun safe har la'asar da salula a tafin hannu.

Rana ta biyar lambar Yaya ta shigo. Muryar wani ce, mai sanyi, ba gaggawa, kamar mai cinikin akuya. Ya ba Yaya ya yi magana, na ji ya ce yana nan da rai, a gaida Inna, aka karɓe. Sannan mutumin ya faɗi abin da suke so. Ba zan rubuta adadin ba. Na ce mashi ko garinmu duka aka sayar ba za a samu ba, ya ce to in je in sayar da garin, ya kashe.

Kusan sati biyu muna wannan. Ya kira, in roƙa, ya rage kaɗan, ya zage ni, ya kashe. Muka sayar da shanun huɗa, da awakin Inna, da gyaɗar iri, da 'yar garkar da nake shuka tumatir da albasa a bakin tabki. Dangi suka kawo abin da suke iyawa. Ranar da muka daidaita, har na fara hamdala a zuciyata, sai ya ce in dakata.

«An ce kai makanike ne.»

Na ce haka ne.

«To ka haɗo da shen uku, pinyon uku, kuron uku. Na manyan moto, masu shiga daji. Kuron mai haƙori arba'in da biyar. Na ainihi, ka ji ko? In ka kawo mani na banza zan gane.»

Kuron da moto ke zuwa da shi daga kamfani bai kai wannan yawan haƙora ba. Mai neman babban kuron ba gudu a kan gudro ya dame shi ba, ƙarfi yake so, yadda moto zai ɗauki mutum uku ya ratsa rairayi da laka bai tsaya ba. Na san wannan, shi ma ya sani, kuma ya san na sani. Mutum na ukun da ake ɗauka shi ne irin Yaya.

Da na sauko daga tudun na faɗa wa Inna da matar Yaya. Su a wurinsu wannan ƙaramin abu ne a kan abin da aka riga aka tara. Inna ta ce in ƙarfe suke so a ba su ƙarfe. Ban yi masu bayani ba.

A Madarumfa ba zan iya saye ba. An riga an gargaɗi masu shaguna a kan sayar wa mutanen daji kayan moto da esansi, wato fetur, kuma garin ƙarami ne, in aka ga na ɗauki manyan kuron uku lokaci guda kafin azahar labari ya gama tasha. Na tafi Maradi wurin wani dattijo da na daɗe ina sayen kaya a hannunsa. Alhaji nake ce mashi. Shagonsa dogo ne, mai duhu, shen-shen na rataye daga rufi har suna taɓa kan mutum. Na gaishe shi, na faɗi abin da nake so da murya ƙasa-ƙasa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni lafiyar gida. Na ce da sauƙi. Ya ce ya ji an ɗauki wani manomi wajen Gabi, na ce yayana ne. Bai ƙara tambaya ba. Ya shiga can ciki ya daɗe, ya fito da kwali shida ya jera su gida biyu a kan tebur.

Kwalayen iri ɗaya ne, launi ɗaya, rubutu ɗaya. Ya buɗe ɗaya daga kowane gefe ya miƙo mani. Tun a nauyi na gane. Ɗaya ƙarfe ne mai tauri, in ka ƙwanƙwasa shi yana amsawa. Ɗayan kuma fenti ne kawai ya rufa masa asiri.

«Wanga,» in ji Alhaji, ya ɗora yatsa a kan na banzan, «sati uku cikin rairayi haƙoransa sun zube. In da kaya a kai, shen ɗin na iya tsinkewa tun kafin nan. Ido ba ya rarrabe su sai irin naka. Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba.»

Ya koma kujerarsa ya ci gaba da jan carbi, ya bar ni tsaye. Na daɗe a wurin. Na yi tunanin moto ɗauke da mutum uku yana tsinke shen a tsakiyar daji, masu bin sawu na baya. Na yi tunanin wani manomi da ban sani ba wanda wataƙila hakan ya cece shi. Sai kuma na tuna muryar nan mai sanyi da ta faɗi yawan haƙora ba tare da ta yi tunani ba. In ya ɗaga ya ji nauyin bai kai ba, Yaya na hannunsa. In bai gane ba sai bayan sati uku, ƙauyenmu na nan inda yake, Inna na ciki, 'ya'yan Yaya na ciki, kuma sun san hanya.

Na ce: «Alhaji, ku ɗaure mani na ainihin.»

Ya tashi ya cire su daga kwalayen, ya naɗe kowane a tsohuwar jarida, ya ce in sa su cikin buhun hatsi. Da zan fita ya ce Allah ya fid da shi lafiya. Bai dube ni ba lokacin da ya faɗa.

Sun ce mutum ɗaya zai zo, kuma ni suke so. Ranar na yi sallar asuba a ƙauye, matar Yaya ta dama mani fura na kasa sha. Ta ba ni wata riga mai tsabta da takalmi ta ce in kai masa, kada ya shigo gari da ƙazanta. Na ɗaure buhun a bayan ƙaramin motona, gero a sama, kuɗin da kayan moton a ƙasa, na kama hanya da hantsi.

Da waya suke tuƙa ni. A ce in bi ta gefen gonar dawa, a ce in tsallake ƙorama, a ce in tsaya in jira. Na tsaya wuri uku, kowane wuri ina jin ana kallona ban ga kowa ba. Gonaki suka ƙare, na shiga inda ban taɓa takawa ba duk da a ƙasar aka haife ni. Na wuce wani ƙauye da mutanensa suka tashi, rumbuna a buɗe, ciyawa ta fito har cikin masallaci. Rana na tsaka na iso wata fadama mai rairayi da manyan itatuwan marke. Nan suka fito.

Su bakwai ne ko takwas. Wasu sun rufe fuska da rawani, wasu ba su damu ba. Na gane mai wayar da muryarsa: siriri ne, bai kai ni shekaru ba, da silifas a ƙafarsa. Aka zazzage buhun a ƙasa, geron ya watse cikin rairayi. Mutum biyu suka ɗauki kuɗin suka koma gefe. Shi kuwa kuron ya fara ɗauka. Ya warware jaridar, ya auna a hannu, ya ƙwanƙwasa shi a bakin bindigarsa ya saurara, ya bi haƙoran da babban yatsa yana ƙirgawa. Sai ya gyaɗa kai.

Na tambaye shi ina yayana. Ya ce yana nan, ba nisa. Ya nuna mani moto uku a jingine a inuwa, ya ce tunda Allah ya kawo makanike har gida, ai sai in ɗaura masu.

Ban zo da kayan aiki ba, amma suna da su a cikin wata jakar fata, sun ma fi nawa kyau. Na tsuguna. Motocin manya ne, sababbi a jiki, amma ƙasansu ya ci wuya: shen ɗin sun saki har suna dukan ƙarfe, haƙoran kuron sun koma kamar na tsohon zarto. A bayan sirdin ɗaya akwai igiya ɗaure, da wani busasshen tabo a kan robar da ban tsaya na duba ba. Na kwance tayar farko. Noti ɗaya ya suɓuce mani ya faɗi cikin rairayi, na yi ta lalube, wani daga cikinsu ya tsinto ya hure shi ya miƙo mani.

Daga nan hannuna ya kama aikinsa kamar kullum. Wannan ne abin da har yau ban iya faɗa wa kowa da baki ba, shi ya sa nake rubuta shi. Da aikin ya kankama sai na manta inda nake. Na goge mazaunin kuron tas kafin in ɗora sabo. Na ɗaure notocin a gicciye, ɗaya nan ɗaya can, yadda aka koya mani. Na daidaita tayar ta tsaya sak, na bar wa shen sakin yatsa biyu, na juya makullinta ta fuskar da ba za ta fita ba in ciyawa ta kama ta. Ba wanda ya tsaya a kaina, ba wanda zai gane in na bar noti ɗaya bai ɗauru ba. Duk ukun na yi su yadda zan yi wa mai kai mara lafiya likita. Wajen na biyu har na ji bakina yana shirin ce wa mai moton ya rage zuba baƙin mai, na kama kaina.

Da na gama, ɗaya ya hau ya zagaya fadamar, ya bi ta inda rairayi ya fi zurfi, ya dawo yana murmushi. Wani kuma ya tattara tsofaffin shen ɗin uku ya rataya a kafaɗa, ya bar kuron da pinyon ɗin a yashe.

Na miƙe na ce to a ba ni yayana. Mai wayar ya ce in tafi gida, za a sako shi. Na ce ba haka muka yi ba. Ya ce haka muka yi yanzu. Na durƙusa, na roƙe shi da Allah da Annabi, na ce uwarmu tsohuwa ce, sati uku ba ta kwana a ɗaki ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in na ƙara jimawa za a samu mutum biyu na fansa maimakon ɗaya. Na miƙa masa rigar da takalmin na ce ko waɗannan a kai masa. Ya karɓa ya ba na bayansa.

Na shigo ƙauye da la'asar ni kaɗai. Mutane sun taru a bakin gari, da suka ga bayan moton ba kowa sai suka fara janyewa ɗaya-ɗaya. Matar Yaya ta dubi hannuna, baƙi ƙirin da mai har gwiwar hannu, ta tambaye ni ko moton ne ya lalace a hanya. Na ce eh.

Kwana shida wayar ba ta shiga. A rana ta bakwai wani mai amalanke da ke kai itace Gabi ya tsince shi a gefen hanya, zaune a gindin wata sabara, yana jan jiki da hannu. Ya ɗora shi a kan itacen ya kawo shi. Ba ya sanye da rigar da aka aika masa. Ya rame har na ga ƙasusuwan haƙarƙarinsa ta yagewar taguwa, gemunsa ya yi fari, amma ba wannan ya tsayar da ni ba. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta yi biyun ɗayar, tana wari. A idon sawun akwai miki zagaye, kuma a gefen mikin, inda fata ba ta ruɓe ba, akwai tambari jere, ƙanana, tazara ɗaya, kamar an buga da hatimi. Ba sai an faɗa mani ba. Sawun gaɓoɓin shen ne. Da tsofaffin shen ɗin moto suke ɗaure mutane, su sa kwaɗo.

Muka kai shi likita a Madarumfa a ranar. Suka wanke, suka yi allura, suka ce abin ya fi ƙarfin nan, muka wuce Maradi. Can suka yi iya ƙoƙarinsu kwana da kwanaki, a ƙarshe babban likitan ya kira ni gefe ya ce in ba a cire ba dafin zai hau jiki. Ni na sa hannu a takardar. An yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Da ya farfaɗo ya kai hannu ya shafa inda zanen ya kwanta, ya ce alhamdu lillahi, ya juya fuska bango.

Muna asibitin labari ya zo cewa an shiga wani ƙauye yamma da namu da rana tsaka, an kashe mutum biyu an tafi da wasu. Waɗanda suka bi sawu sun ce an yi ruwa a ranar, motocinsu suka kafe a wata fadama, na 'yan bindigar kuwa sun ratsa ta ɗauke da mutum uku-uku kamar a kan tudu. Ban san ko waɗanda na ɗaura wa ne ba. Dajin na da faɗi, ƙungiyoyin na da yawa, kuma ba ni kaɗai ne makanike a duniya ba. Na sha faɗa wa kaina haka.

Ba wanda ya koma ƙauye a cikinmu. Na kwaso Inna da matar Yaya da yaran na kawo su gidana a Madarumfa, muka raba ɗakuna biyu. Hatsin da Yaya ya shuka wasu dangi suka girbe abin da tsuntsu ya bari. Yaya ya koyi tafiya da sanda biyu. Ba ya zuwa rumfata. Sau ɗaya na ce ya zo ya sha iska, ya ce ƙarar moto na sa masa ciwon kai. Masunta da ke unguwarmu suka riƙa kawo masa komarsu da ta yage yana ɗinke masu, ya zauna a zaure tun safe, zare a baki, ba ya magana sai an yi masa. Game da daji bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Bai taɓa tambayata abin da aka bayar ba, ban kuma san ko ya san da zancen kuron ɗin ba.

Bayan kaka, wata ranar Juma'a da safe, ina gida ban fita ba, wata mata ta yi sallama a ƙofar zaure. Za ta yi shekara arba'in, da ƙura a ƙafafunta, ta ce daga wani ƙauye take wajen Safo, tun asuba ta taso. An gaya mata akwai wanda ya fito daga hannun mutanen daji a gidan nan. Mijinta tela ne, an tare motar da ya shiga a hanyar dawowa daga kasuwa tun farkon damina. Ta ce har yanzu suna kira. Sun biya sau ɗaya an ce bai isa ba, yanzu 'yan'uwansa sun sa gonar gado a kasuwa, jibi za a yi ciniki. Abin da ya dame ta, wata uku ke nan ba a ba shi ya yi magana ba, kullum a ce yana wani sansani. Ta kwatanta shi: gajere, mai wushirya, yatsansa ɗaya na dama ya lanƙwashe.

Yaya ya ajiye komar. Ya ce mani in kira matarsa ta zo ta zauna kusa da baƙuwar. Da ta zo, ya yi magana yana kallon ƙasa, kuma wannan ne karo na farko da muka ji wani abu daga bakinsa.

Ya ce bibbiyu ake ɗaure su, shen ɗaya mutum biyu, kuma da telan aka haɗa shi tun ranar da aka kai shi. Tare suke kwanciya, tare suke tashi, in ɗaya zai zaga sai ɗayan ya bi shi. Telan na da tari tun da farko. Yana yawan zancen wata 'yarsa da aka sa wa rana, yana cewa shi zai ɗinka mata kayan da hannunsa. Daga baya zazzaɓi ya kama shi, ya daina cin ɗan tuwon da ake ba su, sai ruwa. Yaya ya ce wata safiya ya tashe shi sallah ya ji jikinsa ya yi sanyi. Mai riƙe da makullin ba ya nan, sai washegari aka kwance su.

«Baiwar Allah,» in ji Yaya, «kada ku sayar da gonar. Mijinki ya rasu. A gefena ya rasu.»

Matar ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta yi salati a hankali, ta gyara lulluɓinta, ta daɗe tana kallon sandunan Yaya da ke jingine a bango. Sannan ta tambaya ko an yi masa sutura. Yaya ya ce ba likkafani, da rigarsa aka sa shi, amma su huɗu cikin waɗanda aka kama sun roƙa an bar su sun haƙa rami da itace da hannu, shi ya yi masa sallah a zaune don ƙafar ba ta ɗaukarsa, sun kuma fuskantar da shi gabas. Ta ce Allah ya saka masu da alheri. Ta tambaye shi wace rana ce, don ta san inda takabarta ta tsaya. Ya ce can ba a sanin kwanaki, amma ranar da aka binne shi an yi wani babban ruwa da iska har itace ya faɗi, kuma bayan nan da kwana uku aka sako shi. Ni na lissafa mata daga ranar da mai amalanke ya tsince shi, na faɗa mata watan da kwanan.

Matar Yaya ta kawo mata abinci, baƙuwar ta ce ba za ta iya ba, ta sha ruwa kawai. Na ce ta bari in kai ta a moto ko zuwa bakin hanya ne, ta ce a'a, za ta taka, tana son ta yi tunanin yadda za ta faɗa wa uwarsa kafin ta isa. Matar Yaya ta raka ta har ƙarshen unguwa. Yaya bai koma kan ɗinkin ba. Ya ce in kama shi ya tashi, lokacin masallaci ya kusa, kuma yana son ya yi wanka.